Kalmomin Turanci Na Kimiyya Da Iyaye Za Su Iya Koya Tare Da 'Ya'yansu

A gidaje da yawa na karkara, yaro kan dawo daga makaranta da aikin gida na darasin kimiyya. Ya buɗe littafi a gaban mahaifinsa. Uban ya duba, ya ga Turanci ne zalla, sai ya ce masa ya bari sai gobe ya tambayi malaminsu.

Alhali kuwa sau da yawa abin da ake tambayar yaron, uban ya san shi sarai. Misali, a tambayi yaro me iri yake bukata kafin ya tsiro. Manomin da ya yi shekara 30 yana shuka gero ba ya jiran littafi ya ba shi wannan amsa. Abin da ya shiga tsakaninsa da ɗansa 'yan kalmomi ne kawai, waɗanda ba su fi biyar ko shida ba.

Tsarin ilimi na ƙasa da aka fitar a 1977 ya ce a fara koyar da yara da harshen gida, daga baya a koma Turanci. An daɗe ana bin ƙa'idar cewa daga aji 4 Turanci ne harshen koyarwa. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a yi amfani da harshen gida har aji 6, amma a watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi ya sanar cewa an janye wannan tsari. Ko yaya aka juya, littattafan kimiyya da jarrabawar shiga sakandare da Turanci suke zuwa. Yaron da ba shi da mai taimaka masa a gida, sai ya dinga haddace kalmomi kamar aku. Ranar jarrabawa in aka ɗan juya tambaya, shi ke nan ya rikice.

Ita kanta kalmar kimiyya, a Turance science ake rubutawa, ana faɗa "sayins". Asalinta daga harshen Latin ne, kuma ma'anarta ta asali ita ce sani. A firamare sunan darasin Basic Science, wato kimiyya ta matakin farko. Mai aikin kimiyya shi ne scientist.

Waɗanda aka riga aka sani

Duk wanda ya iya Hausa ya riga ya san kalmomin kimiyya na Turanci masu yawa, ko da bai taɓa shiga aji ba. Hausa ta aro su tuntuni, ta gyara su daidai da bakinta. Batir shi ne battery. Waya ita ce wire. Injin shi ne engine. Famfo daga pump ya fito, tocilan daga torchlight, kananzir daga kerosene, gilashi daga glass. Lita da mita da kilo duk haka suke. Aikin da ya rage wa ɗalibin ajin manya shi ne ya gane su in ya gan su a rubuce.

Turancin ma aro yake yi. Kalmar zero, in aka bi salsalarta, daga Larabci ta fito, daga tushen da Hausa ta samo sifiri. Don haka ba abin jin kunya ba ne harshe ya ari kalma.

Daga gona za a fara

Darasin farko da yara kan yi shi ne na tsirrai. Tsiro ko shuka shi ne plant. Harafin p yana ba Bahaushe wahala, domin bakinsa ya saba da f. Dabarar ita ce a rufe leɓɓa ruf, sannan a buɗe su da 'yar iska. Iri shi ne seed, ana faɗa "sid". Saiwa ita ce root, "rut". Kara shi ne stem. Ganye leaf, "lif". Fure kuwa flower, "filawa", sai dai kada a rikita shi da fulawar burodi. Faɗarsu ɗaya ce a Turance, amma ta burodi flour ake rubuta ta.

Hanya mafi sauƙi ita ce a tumɓuke tsiron wake guda ɗaya a ajiye a kan tabarma. Uba ya nuna sashe ya faɗi sunansa da Hausa, yaro ya faɗa da Turanci, sannan su yi musanya. Kalmar da aka koya da abu a hannu ba ta saurin gudu. Gani ya kori ji.

Ƙasa ita ce soil, "soyil". Littafin yara ya kasa ta gida uku. Yashi shi ne sand, irin na jigawa, wanda ruwa yake wucewa cikinsa da sauri. Yumɓu ko laka shi ne clay, "kile", mai riƙe ruwa, mai tsattsagewa da rani. Ta uku ita ce loam, "lom", wadda ta haɗa yashi da laka da ruɓaɓɓen taki. Manomi ya san wadda gyaɗa take so da wadda shinkafa take so. Wannan bayani nasa ya fi zanen da ke cikin littafi.

Sai babbar kalmar da ke tsorata yara, wato germination, ana faɗa "jamineshan". Ba komai ba ce illa tsirowar iri. Amsar da ake nema a makaranta ita ce iri yana bukatar abubuwa uku: water, wato ruwa, air, wato iska, da warmth, wato ɗumi. Mutane da yawa kan yi mamakin jin cewa babu ƙasa a lissafin. Amma duk wanda ya taɓa ganin dawa ta tsiro a cikin rumbun da ke yoyo ya san haka ne.

Yaro zai iya tabbatar da wannan da kansa. Ya nemo gwangwanin madara guda uku. A na farko ya sa jiƙaƙƙen tsumma da ƙwayar wake biyar. A na biyu ya sa busasshen tsumma da wake biyar. A na uku ya zuba wake biyar, ya cika shi da ruwa har ya shanye kansu. Ya ajiye su a ɗaki, yana ɗan yayyafa wa na farko ruwa kullum. Cikin kwana uku zuwa biyar na farko zai tsiro. Na biyu zai zauna yadda yake. Na uku zai kumbura ya fara ruɓa, domin ruwa ya hana shi samun isasshiyar iska. Abin da ke faruwa ke nan in aka yi shuka, ruwa ya zo ya kwanta a gonar kwana da kwanaki.

Wannan aiki da yaron ya yi sunansa experiment, "eksferimen", wato gwaji. Abin da ya fito daga gwajin shi ne result, wato sakamako.

Akwai wani gwajin da zai amfani gidan kai tsaye. Kafin damina ta faɗi, a ba yaro irin da aka ajiye tun bara, ya ƙirga ƙwaya 100 daidai. Ya jera su a jiƙaƙƙen tsumma, ya naɗe, ya ajiye a inuwa, kada ya bari ya bushe. Bayan mako guda ya buɗe ya ƙirga waɗanda suka tsiro. In 90 ne, an ce kashi 90 cikin 100 ke nan, a Turance 90 percent, "fasent", kuma alamarsa ita ce %. Irin yana da kyau. In 50 ne kawai suka tsiro, to an sani tun da wuri cewa sai an nemi wani irin, ko a ƙara yawan ƙwayoyi a kowane rami. Malaman gona haka suke gwada iri. Yaron aji 5 zai iya, kuma ya ceci gidansu daga wahalar sake shuka.

Kalmomin umarni

Akwai wasu kalmomi da suka fi sunayen abubuwa muhimmanci, domin da su ake ba yaro umarni a littafi da jarrabawa. Yaro kan san amsa, amma ya faɗi saboda bai gane abin da aka ce ya yi ba.

Observe, "obzab", shi ne a lura da abu da kyau. Measure, "meja", shi ne a auna. Count shi ne a ƙirga. Record, "rikod", shi ne a rubuta abin da aka gani don kada a manta. Compare, "kwamfeya", shi ne a kwatanta abu biyu. Draw shi ne a zana, label kuma, "lebul", shi ne a rubuta sunan kowane sashe a jikin zanen. In aka ce list, jero sunaye kawai ake so. In aka ce explain, bayani ake nema. Yaron da aka ce masa explain ya jero sunaye uku ya tsaya, ya bar maki a ƙasa.

Inuwa abin gwaji ce da ba a saye. Sunanta shadow, "shado". Tun kafin zuwan agogo malamai suke duba inuwa don sanin lokacin Azahar da La'asar. Yaro ya kafa sanda a tsakar gida, ya auna inuwarta da hantsi, da tsakar rana, da yamma, ya rubuta. Ya yi observe, ya yi measure, ya yi record a aiki ɗaya. In babu rula, taƙi da kamu sun isa a fara da su. Daga baya ya koyi cewa santimita 100 ne suke yin mita 1.

Madafa ma aji ce

Iyaye mata kada su ce wannan magana ta maza ce. Rabin darasin kimiyya na firamare a madafa yake faruwa, kuma yarinyar da ke taya uwarta girki tana ganinsa kullum.

Littafi ya ce abubuwa iri uku ne. Mai tauri kamar dutse ko ƙanƙara shi ne solid. Mai zuba kamar ruwa ko man gyaɗa shi ne liquid, "likwid". Mai bin iska kamar tururi shi ne gas. Ruwa yana shiga duka ukun. A ma'aunin zafi yana daskarewa a digiri 0, yana tafasa a digiri 100. Tafasa ita ce boil. Zafi shi ne heat, "hit". Gwargwadon zafi ko sanyin abu shi ne temperature, "tamfaraca", kuma shi ake aunawa a asibiti in an sa wa yaro ɗan tsinke a hammata. Sunan tsinken thermometer. Jikin mai lafiya yana wajen digiri 37.

A nan akwai wani tarko da ke kama yara Hausawa. Hausa tana cewa man shanu ya narke a wuta, tana kuma cewa gishiri ya narke a miya. Kalma ɗaya ce. Turanci kuwa ya raba su. Narkewar da zafi ya jawo ita ce melt. Narkewar abu a cikin ruwa har ya ɓace ita ce dissolve, "dizolb". Man shanu melt yake yi, sukari a koko dissolve yake yi. Uwar da ta riƙe waɗannan biyun ta taimaki 'yarta ƙwarai.

Wata doguwar kalmar ita ce evaporation, "ibaforeshan". Ita ce tashin ruwa ya bi iska, kamar yadda shanya take bushewa a igiya. Kishiyarta condensation, "kwandanseshan", wato tururi ya koma ruwa, kamar ɗigon da ake gani a ƙarƙashin murfin tukunya.

Me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi? Jikin randa yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta kwashe shi, in zai tafi kuma sai ya tafi da zafi. Wani malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, marigayi Mohammed Bah Abba, ya ɗauki wannan sani ya yi aiki da shi. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Kayan lambu da aka sa a ciki suka daina saurin lalacewa. An ba da labarin cewa yalon da kan lalace a kwana 3 yakan kai kwana 27. A shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta duniya ta kamfanin Rolex saboda wannan aiki. Yara za su iya haɗa irinta a gida, su sa tumatir ɗaya a ciki, ɗaya a waje, su yi compare. Ta fi aiki da rani da hunturu, lokacin da iska take a bushe.

Game da ruwan sha kuma, akwai germs, "jams", wato ƙwayoyin cuta, da filter, "filta", wato tacewa. Dattawa suna tune da kurkunu, da yadda ma'aikatan lafiya suka riƙa raba ƙyallen tace ruwa a ƙauyuka. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijeriya ta rabu da cutar. Amma ƙyalle ba ya tare dukkan ƙwayoyin cuta. Tafasawa ce take kashe su.

Yaron da ya koyi Turanci daga zane

A ƙasar Malawi, can kudu maso gabashin Afirka, akwai wani ɗan manomi mai suna William Kamkwamba. An haife shi a 1987. Yunwar da aka yi a ƙasar a 2001 zuwa 2002 ta sa iyayensa suka kasa biyan kuɗin makaranta, ya dawo gida. Sai ya riƙa zuwa wani ɗan ƙaramin ɗakin karatu a yankinsu na Wimbe yana aron littattafan kimiyya.

Turancinsa ba shi da ƙarfi. Abin da ya riƙa yi shi ne ya duba zane, ya ga kalmar da aka rubuta a jikin kowane sashe, sannan ya nemo ta a cikin bayanin. A haka ya gane yadda iska take juya fanka ta ba da wutar lantarki. Yana ɗan shekara 14 ya tattaro tarkace, da tsohon keke, da fankar tarakta, da bututun roba, da ɗan injin nan na fitilar keke da ake kira dainamo. Ya ɗora su a kan dogayen itatuwa. Iska ta kaɗa, ƙwan fitila ya kama a ɗakinsa. Daga baya ya koma makaranta, har ya gama jami'a a Amurka a 2014.

Kalmomin da ya fara da su ba su da yawa. Iskar da ke kaɗawa wind, ƙarfin yin aiki energy, "enaji", ƙwan fitila bulb, wutar lantarki electricity. Akwai yara irinsa a kowane ƙauye, masu ƙera mota da kara da gwangwani, masu kwance tsohuwar rediyo don ciro maganaɗisu, wanda ake kira magnet. Sau da yawa duka suke sha a kan ɓarna. Gara a ware musu tarkacen da ba a bukata, a kuma ja musu kunne cewa wayar lantarki ta gida ba abin wasa ba ce. Batirin tocila ya ishe su gwaji.

Masu fuska biyu

Wasu kalmomin suna da ma'ana fiye da ɗaya. Light haske ne, amma kuma yana nufin abu marar nauyi, kuma a Nijeriya ana kiran wutar lantarki da shi. Plant tsiro ne, kuma shi ne aikin shukawa. Bahaushe yana kiran bokiti da kofi da tayar keke duk roba. A Turance tayar keke ce rubber, bokiti da kofi kuwa plastic ne. In kalma ta ƙi zama daidai a jimla, a nemi ma'anarta ta biyu. Matambayi ba ya ɓata.

Kalmomin da ke tsare rai

Akwai kalmomin da ya kamata kowa a gida ya sani, babba da yaro, ko da bai san sauran ba. Su ne na jikin kwalaben magani da na feshin gona.

Poison, "foyizin", guba ne. Danger, "denja", haɗari ne. Warning gargaɗi ne. Zanen ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye yana nufin abin yana kisa. A gindin kwalbar maganin feshi akan ja layi mai launi. Ja shi ne mafi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. In aka ga Keep out of reach of children, ana nufin a ajiye inda hannun yara ba zai kai ba. Shake well shi ne a girgiza sosai. EXP ko expiry date ita ce ranar da magani zai daina aiki. In an rubuta EXP 06/2027, to ƙarshen amfaninsa watan Yuni na 2027 ne.

Haruffan ml suna nufin mililita. Guda 1,000 ne suke yin lita 1, kuma ƙaramin cokalin awon magani yana cin ml 5. In takarda ta ce a zuba ml 50 a tankin feshi, a fara duba ko tankin mai lita 16 ne ko mai lita 20, a kuma auna da ma'auni, ba da ido ba. Haka ma ƙunshin gishiri da sukari na masu gudawa, wanda aka rubuta wa ORS. An rubuta yawan ruwan da za a narkar da shi a ciki, kuma ba duka ƙunshi ne girmansu ɗaya ba.

Yaro ɗan makaranta zai iya taya babansa karanta waɗannan bayanai. Iyakar aikinsa ke nan. Ba shi zai buɗe kwalbar ba, ba shi zai haɗa ba, ba shi zai goya tanki ba. Kwalbar da ta ƙare kuma a huda ta, kada a bari a zuba ruwan sha ko man girki a ciki.

Ba a koyon waɗannan kalmomi a rana ɗaya. Ɗalibin ajin manya ya sami ƙaramin littafin rubutu, ya ja layi a tsakiyar shafi, Hausa a gefe ɗaya, Turanci a ɗayan. Kalma biyu a rana sun isa, bayan sallar Isha ko da hantsi kafin a fita. A wata guda an sami kalma 60. Wadda ta gagara faɗa, a kai wa malamin aji ko malamin gona ko ma'aikacin ɗakin shan magani ya faɗe ta, a rubuta yadda aka ji da haruffan Hausa a gefenta.